Kunnen Ƙugiyar Deraman

Duk ƙauyukan da ke bakin kogin Tembeling babu wanda bai san Deraman matsoraci ba ne, kuma shi kansa bai taɓa musu ba. Yana tsoron tsawa, yana tsoron karen da ke ɗaure, yana tsoron shiga ofis. Matsattsaku kuwa, wadda yaran garinmu ke cirewa daga ƙafa suna ci gaba da hira, idan ta kama shi sai an ji ihunsa a ƙetaren ruwa. Tun yana ƙarami ubansa, masunci na gaske mai jefa birgi, ya sallama shi. Ya ce wannan yaro ko kifin cikin tukunya ya motsa sai ya bar wa mutane gidan.

Amma fa Allah ba ya yin abu a banza. A kogin nan akwai kelah, jan kifin nan mai manyan ɓawo da kaurin leɓe da ɗan gashin baki, wanda masu hali ke tasowa tun daga Kuala Lumpur don kawai su riƙe shi a ɗauke su hoto su sake shi. To, shi ma kelah matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Inuwar mutum ta gifta, ya tafi. Dutse ya motsa a ƙarƙashin ƙafa, ya tafi. Ƙarti masu faɗin ƙirji sai su wuni suna dukan ruwa su dawo da ƙunar rana kawai. Shi kuwa Deraman ya san duk abin da ke firgita kifin, domin shi ma abin yana firgita shi.

Da tuƙin jirgi ya fara, yana kai baƙi can saman kogi inda aka hana birgi da zuba guba. Baƙin nan ba sa zuwa da koto. Sanda ce doguwa siririya, da igiya mai kauri da suke wulwulawa a sama gaba da baya kafin su shimfiɗa ta a kan ruwa, a bakinta kuma ƙugiya ce da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu ta koma kamar ƙwaro. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai kifi ba mahaukaci ba ne da zai ci gashin kaza. Deraman bai yi dariya ba, kallo ya yi ta yi. Kafin a ankara ya fara haɗa nasa ƙwarin, zakarun unguwa duk sun yi sanƙo a wuya, silifas ɗin matarsa Munah kuma kullum a tarar an yanke masa gefe, domin soson silifas ba ya nutsewa.

Shi ba ya buɗe akwatin ƙwarinsa sai ya tsuguna ya karanci kogi tukuna. Idan ɓaure na zuba daga itatuwan da suka sunkuyo kan ruwa, sai ya ɗaura ɗan jan dunƙulen soso, ya ce a jefa shi da ɗan ƙarfi ya yi "ɗul" yadda ɗan itacen ke faɗowa. Idan an yi ruwa jiya shinge ya tashi, sai ya ɗauko mai fukafukai, shi kuma a sauke shi a hankali kamar ana ajiye ƙwai. Idan ya hango kifi ya kafa kai ƙasa wutsiya sama yana tono, sai baƙi mai nauyi mai kama da jatan lande, a ajiye masa taki guda gaba da hancinsa, ba a kansa ba. Wanda kuwa ya taso sama yana shan hantsi, ko kallonsa ba ya yi. Ya ce wannan ya ƙoshi, ɓata hannu ne. Kuma kowace ƙugiya, kafin ta taɓa ruwa, sai ya sa filaya ya danne mata kunne, 'yar ƙayar nan da ke hana ta fita. Ƙugiya marar kunne tana zamewa daga leɓen kifi salin alin, a sake shi ya kama gabansa.

Shekaru suka yi ta tafiya shi da Munah ko ɓatan wata babu. Sun sha saiwa, sun sha ruwan addu'a, sun sha surutun mutane, har suka haƙura. Sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu sannan Allah ya kawo cikin. Wani zai yanka akuya ya tara jama'a. Deraman murnar yini guda ya yi, washegari tsoro ya karɓi wurin.

Mak Sepiah, uwar Munah, tsohuwar ungozoma ce da ta ajiye aiki amma bakinta bai ajiye ba. Ta naɗo tabarmarta ta tare a gidan, ta zaunar da surukin nata ta karanto masa pantang, wato abubuwan da mijin mai ciki ba ya yi. Ba ya buga ƙusa. Ba ya yanka dabba. Ba ya yi wa biri dariya. Uwa uba kuma, ba ya tsaga bakin kifi.

Ta ce, "Abin da hannun uba ya yi, a jikin ɗa yake fitowa. Na karɓi haihuwar wani yaro can gangaren kogi, leɓensa a tsage har hanci. Da aka bincika, ashe uban ne ya fizge ƙugiya daga bakin kifi yana sauri. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba."

"To Mak, mu kuma me za mu ci? Sana'ata ke nan fa."

"Ku ci ƙasa. Ni na aike ka ka zaɓi sana'ar huda bakin bayin Allah?"

Munah, wadda ke kiran mijinta Abang, wato yaya, na tankaɗe garin shinkafa tana dariya. Ta ce, "Mak, ki bar shi haka, kin ga har ya fara gumi. Abang, kada ka biye mata, ni ma da ta haife ni Baba bai fasa zuwa su ba."

"Shi ya sa bakinki ya fi ƙarfinki," in ji tsohuwar.

Deraman ya kawo ƙugiya marar kunne, ya soka ta a ganyen ayaba ya zare, ya nuna mata ɗan hujin. Mak Sepiah ta ɗaga ganyen sama ta ƙura masa ido, ta daɗe, sannan ta yanke hukunci. "Huji daban, tsaga daban. Kunnen 'ya mace ma ana huda shi ya warke. Je ka yi aikinka. Amma ranar da ka tsaga, kada ka zo mini da kuka."

Yanzu wani zai ce camfi ne. Camfi ne mana! Nas ta faɗa, liman ma ya faɗa a kan mumbari. Amma je ka gaya wa mutumin da ya kusa tsufa yana jiran ɗa guda. Kowa jarumi ne a kan cikin matar wani. Tun daga ranar Deraman ya rataya filayar a wuya da igiya kamar laya, kuma ƙugiya ɗaya sai ya danne ta, ya shafa da yatsa, ya sake dannewa.

Bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki, cikin ya tsufa, sai ga Tauke Leong. Wani dattijon Basine ne mai sayar da taya a garin Kuantan, mai tumbi da yawan raha, duk shekara sai ya zo. Don tsokana ba ya kiran Deraman da komai sai Jarumi. Suka hau jirgi suka nufi wani gurbi mai zurfi da ke ƙarƙashin babban ɓaure.

Ranar ba ta fara da sa'a ba. Wani kututture da ke kwance a ƙasan ruwa ya cinye musu jajayen dunƙule biyu, na ƙarshen kuma Tauke ya maƙala shi a reshe can sama inda sai biri. Deraman yana cikin haɗa kaya su sauya wuri, iska ta kaɗa, ɓaure ya zubo, ruwa ya buɗe. Wani kelah ya taso a natse ya ɗauki ɗaya ya koma. Tsawonsa ya kai hannun mutum tun daga yatsa har kafaɗa, ja wur.

Tauke ya damƙe masa riga yana raɗa, "Jarumi! Ka gani? Wannan ai kakansu ne."

"Tsuguna, Tauke, tumbinka na yi masa inuwa."

"Tumbin nan ya girme ka, ka riƙa ganin mutuncinsa. Ɗaura mini wani abu, sauri!"

"Jajayena sun ƙare."

"Ga nawa, na kanti ne amma ja ne."

Irin wannan kifi ba ya jira. Muddin ɓaure na zuba yana sama, iska na tsayawa zai koma ƙasa sai kuma wata shekarar. Ga iskar ta fara lafawa. Deraman ya zari jan dunƙule daga akwatin Tauke ya ƙulla shi, idonsa na kan ruwa, bakinsa na ba da umarni. Filayar tana nan rataye a ƙirjinsa, bai taɓa ta ba.

"Jefa sama da shi, ka bar ruwa ya kai masa. Kada ka ja. Bar shi, bar shi. In ya ɗauka kada ka ɗaga sanda, igiyar za ka ja da hannu a hankali."

Dunƙulen ya faɗi "ɗul", ya gangaro tare da ɓauren gaske guda biyu, babu mai bambance su. Manyan leɓɓan nan suka buɗe suka rufe. Sai igiya ta miƙe, sanda ta lanƙwashe, Tauke ya shiga kiran sunayen kakanninsa. An sha fama. Kifin ya nufi kututture Deraman ya faɗa ruwa ya tare shi, ya nufi gangare suka bi shi suna tuntuɓe, har dai ya gaji ya kwanta a gefe inda ruwa bai kai gwiwa ba.

Deraman ya durƙusa, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin cikin kifin, ɗayan ya kama ƙugiyar a leɓen sama ya murɗa yadda ya saba. Ta ƙi zamewa. Ya sunkuya ya duba, sai ya ga kunnen a tsaye, ya nutse cikin nama.

Wayyo Deraman! Ya fa san abin yi. Sai a tura ƙugiyar gaba ta ɓullo, a danne kunnen, a zare. Ko kuma a yanke zaren a bar ta, wata rana ta faɗi da kanta. Shi ya koya wa mutane wannan. Amma a lokacin babu abin da ke cikin kansa sai muryar Mak Sepiah. Ya matse kifin fiye da kima. Kifin ya ji matsa ya yi wata irin girgiza da dukan ƙarfinsa, shi kuma tsoro ya hana shi sakin ƙugiyar. Leɓen ya tsage tun daga baki har kusa da hanci, jini ya bi ruwa.

Tauke ya ce, "Kash! Ba komai, kifi ne, zai warke. Ɗaga shi mu yi hoto." Sai ya dubi fuskar Deraman, dariyar ta ɗauke. "Kai, lafiya? Jarumi?"

Deraman ya saki kifin ya zauna daɓas cikin ruwa. Da ƙyar ya iya cewa, "Matata na da ciki, Tauke."

Dattijon ya gane nan take, don su ma suna da irin nasu. Ya tsuguna kusa da shi da tumbinsa da komai. "Saurara. Uwata ta hana matata riƙe almakashi a kan gado saboda wannan zancen. Matata ta riƙe, har ɗinki ta yi. 'Ya'yana duk bakinsu lafiya lau, har ya yi musu yawa, kullum a buɗe yake suna neman abinci."

"Don Allah kada ka gaya wa kowa."

"Wa zan gaya wa? Kifi?"

Maganar ba ta shiga ba. Deraman ya koma gida da yamma, Mak Sepiah na zaune a bakin matakala tana taunar ganyenta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Me ya same ka kamar wanda ya ga damisa?" Ya ce rana ce. Ya wuce bayan gida ya wanke filayar da ba ta yi aikin komai ba.

Daga nan rayuwa ta zame masa azaba. Ya daina cin kifi, ya ce ƙaiƙayi yake sa shi. Ya daina karɓar baƙi, ya ce injin jirgi ne ya lalace. Duk wanda ke masa magana, leɓensa yake kallo. Idan Munah ta kamo hannunsa ta ɗora a cikinta don ya ji motsi, sai ya ji kamar wuta ya taɓa, ya ƙirƙiro uzuri ya fita. A masallaci ya fi kowa daɗewa a sujada, addu'ar kuma ɗaya ce: Ya Allah, a kaina, ba a kan yaron ba.

Ya riƙa sulalewa shi kaɗai zuwa gurbin nan da kwandon kwakwar manja, yana watsa wa kifaye yana leƙe. A ransa ya ƙulla cewa idan leɓen kifin ya haɗe, to an yafe masa. Ran nan kuwa kifin ya taso. Yana nan da ransa, yana cin abincinsa, amma leɓen ya warke a rabe, gefe guda ya ɗage sama. Deraman ya kifa kansa a bakin jirgi ya yi kuka kamar yaro.

Ita ma Munah ta canza. Matar da dariyarta ke kaiwa gida uku ta koma shiru. Wata rana da hantsi ya dawo ɗaukar hula ya tarar da ita a bayan ɗaki, ta jingina da tulun ruwa tana share hawaye da gefen zane. Ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Ya ce a ransa shi ke nan, jikinta ya ba ta, uwa ai tana ji. Ya buɗe baki zai faɗa mata, ya ga girman cikin, ya tuna an ce tashin hankali na kawo naƙuda ba lokaci ba. Ya ɗauki hularsa ya fita sumsum.

Da watan haihuwa ya kama suka sauka gari wurin 'yar'uwar Munah don su kusanci asibiti. Naƙuda ta zo da safe. Deraman ya zauna a benci, ya tashi, ya zauna, ya je famfo ya yi alwala, ya dawo ya manta ya sake zuwa. Wajen azahar ya ji kukan jariri. Ƙofa ta buɗe Mak Sepiah ta fito. Ya jira ta yi masa tsiya yadda ta saba, ko ta ce ya ba da goron albishir. Ta dube shi kawai, ta kau da kai. Tunda yake bai taɓa ganin bakin matar nan a rufe ba.

Nas ta leƙo ta ce, "Ina uban? Mace ce. Zo ka yi mata kiran salla a kunne."

Ya shiga yana bin bango. Munah na kwance ta yi laushi, jaririyar na ƙirjinta a naɗe cikin farin zane. Kallo ɗaya ya yi. Leɓen sama a tsage yake, a gefen hagu, har hanci.

Ya zube a gefen gadon ya kama ƙarfen da hannu biyu. "Ni ne, Munah. Ni na yi mata. Na manta ban danne kunnen ƙugiya ba, kifin ya fizge, leɓensa ya tsage a hannuna. Na ɓoye miki. Mak ta faɗa mini, ta faɗa mini! Ki yafe mini, ko kada ma ki yafe."

Mak Sepiah da ke bakin ƙofa ta ja numfashi za ta yi magana. Munah ta ɗaga mata hannu.

"Yaushe, Abang?"

"Bayan Babbar Salla. Ranar da Tauke ya zo."

Ta rufe ido, ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Bayan Babbar Salla. Ni kuwa tun cikin azumi likita ta nuna mini a hoton ciki. Ta juyo mini da allon ta sa yatsa a wurin. Ta ce tun farkon ciki abin yake kasancewa, ba laifin kowa ba ne, kuma in ta yi 'yan watanni za a ɗinke. Lokacin kifinka yana can yana shan ruwansa da leɓensa lafiya lau."

Gaskiya ɗaya ce, abin da Deraman ya fara ji daɗi ne, wani sanyi da ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ba shi ba ne! Sanyin bai gama sauka ba kunya ta biyo shi, domin ga yarinya nan bakinta bai canza ba, shi kuma yana murnar wanke kansa.

Ya ce, "Tun azumi? Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta juyo ta dube shi, ba da fushi ba, kuma wannan ya fi zafi. "In gaya wa wa, Abang? Na dawo daga asibiti ranar da niyyar faɗa maka, na tarar da kai ka hau kujera saboda ƙadangare. Na ce in na faɗa, mutum biyu zan yi jinya, ga na ciki ga na waje. Sai na haɗiye abina."

An sha kiransa matsoraci, a kasuwa, a masallaci, a gaban baƙi, yana dariya tare da masu faɗa. Yau ne kawai kalmar ta shige shi, kuma ba ta ma furta ta ba. Matarsa ta auna shi a ranar da ta fi bukatar mutum, ta ga ba zai iya ɗauka ba, ta ɗauka ita kaɗai wata da watanni. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san ba ta yi kuskuren awo ba.

Munah ta ce, "Tashi daga ƙasa. Karɓi 'yarka, tun ɗazu take jira a yi mata kiran salla."

Ya miƙe, ya goge hannuwansa a riga, ya karɓe ta. Nas ta matso kusa don ko ta kwana. Ya dubi bakin, wannan karon bai kau da kai ba.

Ya ce, "Ranar ɗinkin ni zan kai ta. Ni zan riƙe ta."

"Suma za ka yi, Abang."

"Zan suma. In na farfaɗo a miƙo mini ita."

Ya kai bakinsa kunnenta na dama ya fara kiran salla, muryarsa na karyewa a kowace gaɓa, amma ya kai shi har ƙarshe.